Baba da Mai Jegon Ƙasan Rumbu

Daga Allah muke, kuma komai jimawa gare Shi za mu koma. Surukina ya rasu ranar Talata da hantsi, a ƙarshen damina, gero ya nuna ana shirin yanka. Ba zan faɗi sunansa ba. Shekara ashirin da ɗoriya na yi a gidansa ban taɓa furta shi ba, ba kuma yanzu da yake kwance a makwancinsa zan fara ba. Baba nake ce masa, a nan ma Baba zan ce.

Kafin azahar an kai shi an dawo, gida ya cika maƙil. Maza na kan tabarmi a ƙofar gida, mu mata muna ciki kewaye da Inna, matarsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda duk wanda ya buɗe baki da gaisuwa yake rufewa da murmushi. Wata tsohuwa da ta zo daga Gwiwa ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta." Aka ce amin. Sai ta goge ido da gefen mayafi ta ƙara da cewa, "To yanzu kuma wa zai tsaya wa jaɓa?" Ɗakin ya ɗauki dariya ƙasa-ƙasa. Har Goggo, ƙanwar marigayin, wadda idonta ya kumbura don kuka, sai da ta dara.

A waje ma haka. Ta jikin zana ina jiyo wani dattijon Bafillace da ya zo a kan babur daga rugarsu ta wajen Babura yana ba maza labari. Ya ce, "Mutumin nan, Allah ya jiƙansa, na kira shi ya tayar mini da rumbu, ya zo ya tarar da gawar jaɓa a bakin shinge. Ya ce wa ya kashe? Na ce mu ne. Ya naɗe igiyarsa ya ce sai wata shekara. Wallahi sai da na bi shi har kasuwa ina ba shi haƙuri." Aka yi dariya, wani ya ce, "Sarkin jaɓa ke nan!" Ni ban yi dariya ba, don ni ya bar wa sallahu.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Ina tsoron nan da 'yan shekaru abin da zai rage na Baba a bakin mutane wannan dariyar ce kawai. Kuma akwai laifin da nake so in faɗa da bakina.

Sana'ar Baba ginin rumbu ce. Daga ƙauyenmu, nan bayan duwatsun Kazaure, babu inda bai taka ba: Roni, Gwiwa, Yankwashi, har can Babura, da farko a ƙafa, daga baya a keke. Shi ke zaɓen duwatsun da za a ɗora rumbun a kai, ya kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya tayar da jikin, ya ɗora jinka. Tsakanin gindin rumbu da ƙasa akwai ɗan sarari da bai fi taƙi ɗaya ba, mai duhu da sanyi. Ba wanda ya damu da wurin. Shi kuwa dole ya kwanta ruf da ciki ya leƙa, don ta nan gara ke hawa. A nan ya san jaɓa. Ya lura duk rumbun da take zaune a ƙarƙashinsa gara ba ta cika samun sakewa ba, kuma daga nan ba wanda ya isa ya zage ta a gabansa.

Ni kuwa Allah ya yi ni da ƙyamar abar nan. Tsinin bakin, 'yan mitsi-mitsin idanun, tsuwwar da take yi tana bin jikin bango, uwa uba warin tsiya. A gidanmu na Roni in ta shiga kwano sai an wanke shi da toka. Wasu na cewa shigarta gida alamar arziki ce. Ni dai ban taɓa ganin arzikin ba, warin na sani.

Ni da Baba ba ma magana kai tsaye. Haka ake yi, kuma shi ya riƙe abin da ƙarfi fiye da kowa. In yana son wani abu daga wurina, sai ya fuskanci darbejiyar tsakar gida ya ce, "A gaya wa mai ɗakin yamma kaza," ko da kuwa daga ni sai shi a gidan. Ni kuma in durƙusa a bayan zana in ce, "An ji, Baba." Darbejiyar nan ta sha aike. Ta ji zancen gishiri ya yi yawa a miya, ta ji barka da na haihu, ta ji gaisuwa da mahaifina ya rasu.

Faɗanmu na farko ina amarya, ko wata biyu ban cika ba. Na shiga ɗakin girki da sassafe sai ga jaɓa a bakin buhun gero, tana cusa wannan dogon bakin nata. Ban yi wata-wata ba na kwaɗa mata muciya. Na tsire ta da kara na fito da ita ina jin kaina, wai ni na yi aikin kirki, na bi ta gaban Baba yana zaune yana tufkar igiya. Ya dubi karan. Ya ci gaba da tufkarsa.

Da rana na aika masa da tuwo, ya dawo ko faifan ba a ɗaga ba. Da yamma haka. Washegari haka. Inna ta kira ni ɗaki ta ce, "'Yar nan, me kika yi wa Malam?" Na ce wallahi ban sani ba. Da na ba ta labarin muciya sai ta dafe kai ta ce, "Kin shiga uku. Da tulunsa kika fasa da ya fi miki sauƙi."

A rana ta huɗu na buɗe ƙofa na tarar da faifai a bakin ɗakina, da wasu 'yan ƙasusuwan kai guda biyu a kai, kowanne bai fi ƙwayar dabino ba. Daga baya na ji inda yake samo su. Mujiya in ta haɗiye abu takan amayar da gashi da ƙashi a dunƙule, shi kuma yakan tsinto a gindin duwatsu ya warware da tsinke, ya ga abin da ke zaune a wurin. Ina tsaye ina kallon faifan sai na ji muryarsa yana yi wa darbejiya magana.

"A gaya wa mai ɗakin yamma ta duba haƙoran nan da kyau. Na hagu ɓera ne. Ga manyan haƙora a gaba na gurguran hatsi, ga giɓi a bayansu. Na dama jaɓa ce, bakinta duk ƙaya ne tun daga gaba har baya. Mai irin wannan bakin ba gero take nema ba. Gara take ci, da kyankyaso, da gyare, har kunama in ta samu. Ƙwarin da ke cikin buhun ta zo kamawa."

Na durƙusa na ce, "An ji, Baba. A yi haƙuri." Ranar ya ci tuwona. Amma bari in faɗi gaskiya tunda ita na zauna faɗa: ban yarda ba. A raina na ce tsoho dai ya so abarsa. Abar da na gani da idona a bakin buhu, me take yi a can in ba sata ba? Jaɓa ai ɓera ce da Allah ya ja wa baki. Na daina kashe ta don girman Baba, amma wannan tunanin yana nan a raina shekara da shekaru, ban taɓa fitar da shi ba, ban kuma taɓa gwadawa ba.

Bayan la'asar yakan zauna a gindin darbejiya, Inna na kaɗi, Goggo in ta zo tana tsokanarsa, ni ina bayan zana ina tankaɗe. Duk abin da na sani na jaɓa daga nan na tsince shi, rabi-rabi, tsakanin ƙarar rariya da kukan yara. Ba ni da damar in ce a maimaita mini.

Ya ce mutane suna cewa jaɓa kamar ita ɗaya ce, alhali dangi ne guda. Ta gida ita ce babbarsu, mai duhun gashi, ita ce mai warin da ya yi suna, kuma ta fi son inda ɗan Adam yake, don inda akwai shara da danshi akwai ƙwari. Amma a cikin duwatsun Kazaure akwai wata 'yar mitsila mai ruwan toka da ba ta kai babban yatsansa ba. Ya ce ya taɓa ɗaga dutse ya same ta, ya ɗora ta a tafin hannu, bai ji nauyin komai ba sai bugun zuciyarta, da sauri har ba ya ƙirguwa. Ya ce tsoro ya kama shi kada ta mutu a hannunsa, ya mayar da ita ya gyara mata dutsen yadda ya same shi. In kuma ka yi arewa inda ƙasa ta koma yashi, wajen Babura har ka doshi iyaka, sai ka ga wata mai hasken jiki, in ta tsaya a kan rairayi sai ka yi da gaske za ka gan ta.

Goggo ta ce, "To duk ka zagaye, ka bar Roni."

Ya ce, "Ina zuwa. Ta fadamar Roni baƙa ce, tana cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa a bakin ruwa tana farautar tana. Ba ta da girma, amma duk ta fi su faɗa." Sannan ya ɗaga murya wajen darbejiya. "Mutanen Roni dai haka Allah ya yi su." Na san da ni yake. Na cije gefen zane don kada dariyata ta fito.

Wata rana Goggo ta tsinci gawar jaɓa a tsakiyar hanya tana tahowa, ta shigo tana murna ta samu abin ƙure shi. Ta ce, "Ka gani ko? Tun muna yara ake cewa jaɓa ba ta tsallaka hanya. In ta tsallaka mutuwa take."

Baba ya ce, "Hanya me ta yi mata? Mage ce ke kamawa, ta ji wari ta yar. In ba mage ba ce, to yunwa ce. Cikinta ba ya ajiya. Tana ci tana nema, ba dare ba rana. In ta wuni ba ta samu ba, an gama. Mai shayarwa kuwa ko wunin ba ta kaiwa."

Goggo ta ce, "Ashe an ɗauke mata azumi." Aka tuntsire da dariya, har ni a bayan zana. Na ɗauka raha ce irin tasu ta wa da ƙanwa. Na ji maganar da kunnena, ba zan ce ban ji ba.

Sau ɗaya tak Baba ya taɓa yi mini magana ba ta bakin darbejiya ba. An kwana ana ruwa, da safe tsakar gida duk ta jiƙe. Ina shara sai na ji ya ce, "Shhh," ya ɗaga hannu. Daga ƙasan rumbu sai ga jaɓa ta fito, ruwa ya shiga mata sheƙa. A bayanta ɗanta ya ciji gindin wutsiyarta, na biyu ya ciji na farko, haka har biyar, suna tafe a jere kamar an zura su a zare. In ta tsaya su tsaya, in ta karkata su karkata. Ban san lokacin da na matso ba. Na farga ne muna tsaye kafaɗa da kafaɗa da uban mijina, tsintsiya a hannuna. Shi ma ya manta. Ya juyo fuskarsa duk fara'a ya ce, "Kin gani?"

Na ce, "Na gani."

Sai kunya ta kama mu gaba ɗaya. Ya yi tari ya nufi zaure, ni kuma na faɗa ɗaki da gudu na bar shara a wurin. Ranar na fara ganin fuskarsa sosai, na ga ashe yana da ɗan tabo a gira.

Daga baya aiki ya ja baya. Mutane suka koma zuba hatsi a buhu su sa magani su kulle a ɗaki. Gwiwoyinsa ma suka ƙi, ya jingine keke. Yaya, babban ɗansa, wan mijina, wanda ke aikin gwamnati a Kazaure, ya zo wata rana da buhuna da kwalbar maganin ƙwari na fiya-fiya, ya bi kusurwoyin gida yana yayyafawa. Baba ya bi bayansa yana ɗingishi da tsintsiya da toka.

Yaya ya ce, "Baba, don Allah ka bari. Zamani ya canza."

"Maganin naka ya san gara daga mai cin gara?"

"Baba, jaɓa fa ƙazanta ce. Wari gare ta."

"Kai ma ranar da aka haife ka ba turare kake ba."

Yaya ya yi kicin-kicin da fuska ya hau babur ɗinsa. Amma hatsin dai buhu ya koma. Rumbun Baba na tsakar gida, wanda ya gina da hannunsa tun kafin a kawo ni, ya zauna fanko. Damina biyu bai iya hawa ya gyara jinkar ba, kuma duk ƙauyen babu wanda ya koyi aikin. Ruwa ya shiga, jikin ya tsage daga sama har ƙasa, ya ɗan karkata wajen ɗakin girki. Kullum Baba yakan sa a shimfiɗa masa tabarma inda zai riƙa ganinsa.

Kwana biyu kafin ya rasu na kai masa kunu. Ya kasa fita, yana kwance a ɗaki, ya juya fuska wajen taga inda reshen darbejiya ke leƙowa. Na ajiye kofin zan fita sai na ji ya ce, da ƙyar, "A gaya wa mai ɗakin yamma, akwai mai jego a ƙasan rumbu. Na ji tsuwwar 'ya'yan. Kada a bari a taɓa ta sai sun watse. Kwana kaɗan ne." Ya huta, ya ƙara da cewa, "Ita nake gaya wa, don ita ce ba ta mantuwa."

Na ce, "An ji, Baba." Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Ranar rasuwar da la'asar mahaifiyata ta iso daga Roni. Bayan ta gaishe da Inna ta ja ni gefe ta ce, "Yau zan gaya miki abin da marigayin ya hana ni faɗa. Tun da mahaifinki ya rasu, babu daminar da ta kama bai zo ya duba mini rumbu ba, har ƙafarsa ta gaza. Da sassafe yake zuwa ta bayan gida, ya yi aikinsa, ko ruwa ba ya tsayawa sha. Ya ce kada a gaya miki, za ki ji nauyi." A nan ne kukan da na riƙe tun safe ya ƙwace mini. Mutumin da ban taɓa yi wa godiya ido da ido ba, ga abu ɗaya tak da ya roƙe ni.

Washegari Laraba da safe na ji Yaya a zaure yana cewa a nemo diga, a sauke rumbun kafin sadakar uku. Na tari mijina a bakin ɗaki na gaya masa sallahun Baba. Ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Haba, ke ma? Ana makoki kina zancen jaɓa?" Na je wurin Inna, tana zaune a kan tabarmar takaba da carbi. Ta ce, "'Yar nan, ni yanzu ba ni da baki a gidan nan." Goggo ta ce, "Gidan ya koma hannun yayanku. Je ki gwada."

Na je bayan zana na durƙusa. Na ce, "A gaya wa Yaya, Baba ya bar sallahu. Ya ce kada a taɓa ƙasan rumbu sai nan da kwana kaɗan."

Da Yaya ya yi magana ba da faɗa ya yi ba, shi ya fi ciwo. Ya ce, "Na sani, ni ma ubana ne. Amma ki dubi tsagar nan. Gobe mata za su cika tsakar gida, nan za a kafa tukwane, yara na yawo. In ya faɗo kan ɗan wani me zan ce? In ce jaɓa muke jira ta gama jego?"

Me zan ce? Gaskiya ya faɗa.

Da hantsi suka sauke jinkar, suka sa diga. Na tsaya a ƙofar ɗakin girki da ƙwarya da faifai a hannu kamar mai shirin bakace. Da jikin rumbun ya kife, suka fara janye duwatsun gindin, sai ga ta. Babba ce, baƙa, da 'ya'ya huɗu a jere a bayanta, kowa ya ciji na gabansa. Ta yi nan ta ga ƙafa, ta yi can ta ga ƙafa. Wani ya ɗaga diga. Ban san ina da wannan muryar ba, na ce, "Kada ka soma!" Na ajiye kunya, na kutsa tsakiyar maza, na kifa musu ƙwarya, na zura faifai ta ƙasa. Ta samu yatsana ta gefe ta cije ni har jini. Ina jin wani yana cewa, "To, sarauta ta koma ɗakin yamma."

Ina zan kai su? Tsakar gida duk ƙafafu ne da kaji, ga magen maƙwabta a kan katanga. Ƙofar gida maza sun shimfiɗa tabarmi, ba yadda za a yi matar gida ta ratsa zaman makoki da ƙwarya ta ce za ta bayan gari. Sai na ce bari in ɓoye su zuwa gobe. In an yi addu'a mutane sun ragu, in sake su a ƙarƙashin tarin karan da ke bayan ɗakina. Akwai wata tsohuwar randa a lungun gadona. Na sa tsumma a ciki, na juye su a hankali, na sa ruwa a sakaina.

Sannan na ɗebo gero tafi guda, mai kyau, na zuba mata. Na ƙara da gyaɗa.

Wallahi gara ta faɗo mini a rai. Ga ta nan a jikin zana, in na kankare da cokali zan cika murfin kwano. Amma ana ta kirana, ga gumba ba a daka ba, ga shinkafar waina ba a jiƙa ba, ga baƙi daga Yankwashi sun sauka. Kuma can ƙasan raina wannan tsohon tunanin ya ce mini, ke dai bar ta, in yunwa ta kama ta ai za ta ci. Na rufe randar da faifai na fita.

Da azahar na shigo ɗaukar zane na ji tana tsuwwa tana karta jikin randa. Na ce, "Yi haƙuri, mai jego, gobe ne." Na ɗaga gefen faifan na ƙara mata gero ba tare da na leƙa ba. Da magariba na ji ƙarar ta ragu. Har na ji daɗi, na ce ta ci ta ƙoshi ta kwanta.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba, kafin in hura wutar tanda, na jawo randar bakin ƙofa inda haske yake, na buɗe.

Tana kwance a gefe, bakin a buɗe, 'yan haƙoran nan masu kama da ƙaya a waje. 'Ya'yan huɗu suna manne a cikinta, sun yi sanyi. Na taɓa su ɗaya bayan ɗaya da yatsan da ta ciza, ko akwai mai sauran motsi. Babu.

Sai na dubi geron. Ta tattake shi, ta watsa shi ko'ina wajen neman hanyar fita. Na tattara shi a tafina na kawo kusa da ido. Na san aikin ɓera, na sha share shi: yakan bar gari da ɓawo da rabin ƙwaya. Wannan kuwa kowace ƙwaya lafiyarta ƙalau. Gyaɗar ko ƙwarzane babu. Ta mutu da yunwa a kan tarin gero, da 'ya'ya huɗu suna tsotsonta, ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Goggo ta shigo neman ashana ta same ni a zaune a ƙasa. Ta leƙa randar, ta dubi tafina. Ba ta yi tsokanar da ta saba ba. Ta ce a hankali, "Ai ya faɗa." Ta ɗauki ashanar ta fita.

Ya faɗa. Ya faɗa da ƙashin kai a kan faifai, ya faɗa a gindin bishiya, na ce an ji, na ce an ji, shekara ashirin ina cewa an ji. Ya ce ni ce ba na mantuwa, kuma gaskiya ne, ban manta komai ba. Yarda ce ban yi ba. Da na bar su a tsakar gida wataƙila ko ɗaya ya tsira ta wani rami. Ni da ya amince wa, ni na rufe su.

Na naɗe su a tsumman, na haƙa rami da guntun ƙarfe a gindin darbejiya, wajen da yake shimfiɗa tabarma, na binne. A ƙofar gida liman ya fara addu'a, ina jiyo amin na tashi. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya yafe masa kurakuransa, ya saka masa da alherin da ya yi wa mahaifiyata a ɓoye, da wanda ya yi wa abin da kowa ke ƙyama. Ni kuma Allah ya yafe mini.

Mata sun fara shigowa, wata tana kiran a zo a hura wuta. Ban tashi ba tukuna. Na durƙusa yadda na saba, na fuskanci bishiyar, geron yana nan a dunƙule a hannuna.

Na ce, "A gaya wa Baba, ba ta ci ba. Ko ƙwaya ɗaya. A gaya masa na gani."

Na jira kaɗan, don shi yakan yi gyaran murya in saƙo ya isa. Sannan na tashi na je na hura wutar waina.